Yatsun Noella

A kwarinmu na arewacin jihar Maine, can ƙasar Turawa, aure abu ne mai tsarki, babu abin da ke gabansa a wurin Allah ko a wurin mutane. Shi ya sa ba a sa masa rana sai an gama tonon dankali.

Noella Michaud ta san wannan tun tana goye. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta buɗe baki ta faɗa wa uwar saurayinta cewa a bana, a tsakiyar tonon, za ta yi tafiyar kwana biyu.

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, suna kicin ɗin gidan Pelletier. Jeannine, uwar saurayin nata Remi, wadda ke riƙe da gonar tun rasuwar mijinta, tana zuba ƙullun wainar ploye a kasko da hannunta na dama mai yatsu uku. Sauran biyun injin tonon dankali ne ya karɓa a shekarar da aka kawo ta gidan, kuma takan ba da labarin da irin muryar da wasu ke faɗin sunan jami'ar da suka gama. A gefen murhu Mémère Odile, kakar Remi ta wajen uba, tana kan kujerarta mai lilo, idanu a rufe. Kowa a gidan ya san ba barci take yi ba.

Noella kuwa an ba ta dankali ta fere.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Jeannine, ta tsamo wani farin abu mai ƙafafu biyu daga cikin kwanon.

Noella ta ji kunya ta rufe ta. "Turmin haƙori ne, Madam Pelletier. Na ƙasa. Ki yi haƙuri, hannuna ne ya saba, ban ma san na sassaƙa ba."

"Turmi! Remi, zo ka ga irin girkin da ke jiranka. In ka yi sa'a ranar Kirsimeti a dafa maka fiƙa."

Remi ya yi dariya, ya ga fuskar Noella, ya haɗiye sauran.

Likitar haƙori Noella take so ta zama, kuma ta ɗauko hanyar daga inda ba a cika ɗaukowa ba. Ubanta direban motar katako ne, don haka da ta gama sakandare ba jami'a ta tafi ba, kwalejin gari mai shekara biyu ta shiga, inda ajin ilmin sinadarai ke bango ɗaya da ajin walda. Daga nan ta koma ƙaramar jami'ar yankin ta ƙarasa. Jarrabawar shiga makarantar likitan haƙori sau biyu ta zauna. Ta farko ba a maganarta. Ta yi zaman kallon aiki a asibitin wani tsohon likita har ta san tarin kowane majinyacinsa. Duk da haka, manyan makarantun nan na kudu, in suka ga sunan kwalejin gari a takardun mutum, sukan yi masa irin kallon da ake yi wa baƙon da ya zo biki da takalmin gona: ba za a kore shi ba, ba kuma za a nuna masa kujera ba. Ta nema a wurare da yawa. Guda ɗaya ce ta amsa.

Ta aje wuƙar, ta goge hannu.

"Madam Pelletier, sun kira ni intabiyu."

"Madalla. Yaushe?"

"Juma'ar sama. Sai na tafi tun Alhamis."

Kujerar Mémère ta daina lilo.

"Juma'ar sama," in ji Jeannine a hankali, "muna tsakiyar gonar bayan rafi. Ki buga musu waya ki ce ana tonon dankali."

"Ba su san tonon dankali ba."

"To me suka sani?"

"Madam, ni kaɗai ce daga kwalejin gari a cikin waɗanda suka kira. In na ce a ɗage, wani za su ba wurin, ba za su ma—"

"Saurara, Dakta." Haka Jeannine ke kiranta in tana so ta ji zafi. "A kwarin nan har makarantu ake rufewa don tono. Matar da za ta shigo gidan Pelletier, a kan inji take tsayawa kakar da ta gabaci aurenta, daga buhun farko har na ƙarshe. Ni na tsaya. Mémère da kwando ta tsuguna tun kafin a ƙera injin. Ke kuma zoben ɗana na hannunki, za ki hau bas ki tafi birni ki bar ni da gurbi a kan inji, duk kwari na kallo? Remi! Ka yi shiru kamar an dasa ka!"

Remi ya sosa ƙeya. "Ai Mama kina da gaskiya. Ita ma Noella, in aka duba, tana da gaskiya."

Remi yaron kirki ne. Sai dai kirkinsa irin wanda ake rabawa daidai wa daida ne, har kowa ya tashi bai ƙoshi ba.

A waje, jikin motarsa, Noella ta saki kukan da ta riƙe.

"Kowa yana da gaskiya! Sannu, alƙali!"

"Haba Noella, sori mana. Uwata ce. Tun da Baba ya rasu ita kaɗai take ɗauke da gonar nan. In ƙasa ta daskare kafin mu gama, shekarar ta tafi."

"Ni kuma shekara nawa tawa za ta tafi? Remi, ka san abin da za su ba ni a can? Guntun kakin zuma da 'yar wuƙa, su ce sassaƙa haƙori muna kallo. Ba su yarda da makin kwalejinmu ba, hannuna ne kaɗai shaidata."

Ya kama hannun, ya duba siraran yatsunta, ya tuna na uwarsa.

Ita ce ta share hawaye ta yanke shawara. "Zan hau injin. Zan tsaya mata har Laraba, ko motsi ba zan yi ba. In ta ga ban raina gidanku ba, ƙila ta sake ni da daɗin rai."

"In ba ta sake ki ba fa?"

"Sai mu ga wanda ke da gaskiya a wurinka."

Aikin kan inji ba shi da wuyar ganewa. Remi na jan injin da tarakta, injin yana tafe yana tono, sarƙa mai gudu tana ɗauko dankali da duwatsu da ɓurɓushin ƙasa, mata na tsaye gefe da gefe suna tsince abin da ba dankali ba. Ƙasar kwarinmu kuwa Allah ya albarkace ta da duwatsu masu kama da dankali. Ga ƙara, ga ƙura, ga sanyin da ke sa yatsa ya manta na wane ne. Abin da kawai ake buƙata shi ne kada hankalin mutum ya tafi ko'ina, tun daga fitowar rana har faɗuwarta.

Jeannine ta sa Noella kusa da ita.

"Dakta, dutse ya wuce ki!"

"Na gani, Madam!"

"Gani ba ya cire shi!"

Noella ta cije. Ta yi mako guda, ta shiga na biyu. Bayanta ya riƙe, farcenta ya yi baƙi, da yamma in ta koma gida sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe wuƙar sassaƙa. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta makara ba. Sauran matan suka fara raba mata kofi daga nasu. Jeannine ma wata rana ta ce, "Ba laifi," sannan ta waiga ta ga ko wani ya ji.

Sai rediyo ya ce sanyi mai daskarar da ƙasa na tafe ƙarshen mako. Jeannine ta sa aka ƙara wa injin gudu.

Ranar Laraba da la'asar, wani faffaɗan dutse ya maƙale tsakanin sandunan sarƙar. Noella ta kai hannu, kamar yadda ta kai sau ba adadi. Wannan karon bakin safar hannunta ya shiga inda dutsen ya fita.

Ta ji an ja ta. Ba ja mai fushi ba, ja ne na abin da bai san da ita ba.

"Remi! Tsaya! Tsaya!"

Ba ita ta yi ihun ba, Jeannine ce. Da hannu ɗaya ta daki maɓallin tsayarwa, da ɗayan, mai yatsu ukun, ta damƙi wuyan hannun Noella ta fizge da ƙarfin da ya zubar da su duka biyu a ƙasa. Safar ta bi sarƙa ta tafi. Hannun ya tsaya.

Noella ta ɗaga shi, tana ƙirga yatsun da ido. Suna nan duka. Sai dai manunin dama ya tsage daga gaɓa zuwa kai, farcen ya tafi tare da safar, jini na bin gwiwar hannunta.

Remi ya diro daga tarakta fuskarsa fara fat kamar takarda. "Noella! Wayyo Allah, Noella!"

"Ƙaramin abu ne," in ji Jeannine. "A kawo akwatin magani." Muryarta ba ta girgiza ba. Amma Noella, da ke kwance a jikinta, ta ji yadda zuciyar matar ke dukan ƙirji, ta kuma ga ta ɓoye hannunta mai yatsu uku a hammata kamar shi aka yanka.

Da magariba aka zauna cin romon kaza, babu mai jin ɗanɗanonsa. Yatsan Noella na naɗe, ya yi girman karas. Jeannine ta aje cokali.

"To, Allah ya raba gardama. Da wannan yatsan me za ki sassaƙa? Ki zauna. Gobe ki tsince da hagu, mu fitar da gonar nan kafin ƙasa ta rufe. Makaranta tana nan baɗi."

"Ba za su sake kirana baɗi ba, Madam."

"Sai ki yi aikin wanke haƙora, kwalejin taku ai tana koyarwa. Shekara biyu, ki dawo ki yi aurenki kamar kowa."

"Ba shi nake so ba." Hawaye ya zubo mata cikin kwano. "Na tsaya miki, Madam. Na yi duk abin da kika ce. Ina son Remi, wallahi ina son sa, ina son gidan nan. Amma gobe zan hau bas."

"To in za ki hau, ki aje zoben nan a kan tebur kafin ki fita. Ba zan sa ɗana ya yi shekara huɗu yana jiran matar da ta bar mu a ranar da muka fi buƙatarta ba."

Noella ta dubi Remi. Yana kallon romonsa. Ta jira. Sannan ta kai hannunta mai ciwo kan zoben ta fara murzawa. Sanyin gona ya kumbura yatsan da ke ɗauke da shi, zoben ya ƙi fita, ita kuma ta ƙi dainawa, har jini ya fara ɓullowa ta bandejin.

"Bari!"

Kujerar Remi ta faɗi baya. Shi kansa ya yi mamakin ƙarfin muryarsa.

"Bar shi a inda yake. Mama, zoben nan ni na sa mata, ba gona ba. Yau na ga hannunta a cikin sarƙa, kuma ni ke jan injin. In da ya tafi da shi, me za mu ce? Mu ce ta kyauta? Gobe da safe ni zan kai ta tasha. Shekara huɗun kuma ni zan jira, ba ke ba."

"Au, haka ne? Ka yi baki! To wa zai tsaya a gurbinta, mai gida?"

"Ni."

Daga gefen murhu maganar ta fito. Mémère Odile ta taso da sandarta, ta zo bakin tebur a hankali, kamar mai zuwa karɓar jibin Ubangiji a coci.

"Mémère, don Allah ki zauna," in ji Jeannine, "kin haura tamanin—"

Tsohuwar ta sa yatsu biyu a baki, ta zaro haƙoranta na sama, ta zaro na ƙasa, ta aje su a tsakiyar tebur kusa da man shanu. Babu wanda ya taɓa ganinta haka, har Jeannine. Fuskarta ta lotsa ta koma rabi. Da ta yi magana, kalmomin suka fito a lanƙwashe, amma babu wadda ta ɓata.

"Ina da shekara sha tara. Saura mako guda bikina, babana ya sa ni a keken doki ya kai ni wurin wani mutum a tsallaken kogi. Haƙorana lafiyarsu ƙalau, farare, har ana yi mini waƙa. Ya cire su duka. A lokacin haka ake yi wa wasu amaren, kyauta ce ga ango, don kada ya taɓa kashe ko kwabo a bakin matarsa. Da aka kawo ni gidan nan, uwar mijina ta buɗe bakina ta leƙa, ta ce wannan yarinyar an yi mata tarbiyya." Ta ja numfashi. "Tun daga ranar ban sake gatsa tuffa ba. Ga bishiyarta nan a bayan gida, kowace kaka sai ta yi 'ya'ya don ta ba ni haushi."

Babu wanda ya yi dariya.

"Ke Jeannine. Ranar da injin ya ci yatsunki, me mutanen gidan nan suka ce miki?"

Jeannine ta sunkuyar da kai. "Sun ce yanzu na zama 'yar gida."

"Kin yi murna?"

Jeannine ta dubi hannunta mai yatsu uku.

"Na je bayan rumbu na yi kuka," in ji Jeannine, da muryar da ba ta kai bakin ƙofa ba. "Ina kaɗa molo a coci kafin nan."

"Na tuna. Kin iya kuwa." Mémère ta nuna haƙoran da ke kan tebur, ta nuna hannun Jeannine, ta nuna bandejin Noella. "Gidan nan bai taɓa karɓar mace a cike ba, sai an gutsuri wani abu a bakin ƙofa. Ina so in ga guda ɗaya ta shigo da kayanta duka kafin in mutu. In hannu kike nema a inji, ga nawa, ba abin da zan ƙara yi da su. Sai dai ki shirya abin da za ki ce wa mutane ranar Lahadi."

Jeannine ta dubi haƙoran. Sannan ta tashi, ta share ido da bayan hannu kamar hayaƙi ne ya dame ta, ta ɗauki waya ta kira ƙanwarta Rolande, wadda ba sa ga maciji tun wata rigima a kan tukunyar uwarsu.

"Rolande? Ni ce. A'a, ba wanda ya mutu. Hannu nake nema gobe da jibi. Eh, na ji, ki riƙe tukunyar. Mémère, don girman Allah mayar da abin nan bakinki, ana cin abinci."

Da safe, kafin Remi ya tayar da mota, Jeannine ta kira Noella kicin. Ta kwance bandejin jiya, ta sake naɗe yatsan siriri yadda zai iya lanƙwasa. A wannan fannin babu wanda ya fi ta sani a kwarin.

"Ki riƙe wuƙar da na tsakiya, ki bar wannan ya huta a sama. Ana sabawa." Ta tura mata wata 'yar jaka. Dankali ne, zaɓaɓɓu, masu tauri. "Hanyar da nisa. Ki yi ta sassaƙa a bas. In za ki bar mini gona, kada ki je ki ba mu kunya a banza."

"Na gode, Madam."

"Mama ake cewa. Wuce, kina ɓata mini safiya."

Zai yi daɗi a ce Noella ta je ta ba malaman kudu mamaki. Ba ta ba su ba. Haƙorin da ta sassaƙa ya ɗan karkace, ta kuma bar musu ɗigon jini a kan kakin. Sun tambaye ta dalilin da ya sa ta fara daga kwalejin gari, ta ce nan ne ƙafarta ta kai. Sun tambaye ta yatsan, ta faɗa musu. Suka yi rubutu, suka yi godiya, suka sa ta a layin jira. An fitar da dankalin kafin ƙasa ta rufe, da taimakon Rolande da bakinta. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta zauna, Noella na jira, Jeannine na tambayar mai kawo wasiƙa kullum cikin sigar wadda ba ta damu ba. Sai da ƙanƙarar kogi ta fara fashewa aka bugo waya: wani ya fasa, wuri ya samu.

Shekara huɗun ba su yi sauri ba. An yi kuka a waya, an yi fushi, an shirya. Remi ya san kowane rami a hanyar kudu. A ƙarshe aka ɗaura auren a cocin kwari, bayan tono, amarya da yatsunta goma, ɗaya dai babu farcen kirki. Mémère ta zauna a layin gaba ta ƙirga da kanta.

Darasin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake gidan Pelletier sai da ya yi zuriya uku kafin ya gane shi. Haƙuri yana biya, amma haƙuri daban, miƙa wuya a yanka daban. Wanda ya sha wuya kafin ya shiga gida, ba dole ne ya tsaya a ƙofa yana karɓar irinta daga na bayansa ba. Saurayi kuma da ke ba kowa gaskiya, wata rana dole ya tashi tsaye ko da kujera za ta faɗi.

Noella ta buɗe asibitinta a garin, kusa da shagon kayan gona. Mutum na farko da ya zauna a kujerarta Jeannine ce, da turmin da ta shekara tana ɓoye ciwonsa. Noella ta sa safar hannu, ta kunna fitila, ta ce, "Mama, buɗe baki." A tarihin kwarin, ita ce ta farko da ta taɓa roƙon Jeannine wannan.

Rabin awa Jeannine ta yi baki buɗe ba ta ce komai ba. Remi ya shigo ya kalla.